Gurbi na Sha Bakwai

Ƙarfe tara na dare, ofis ya watse,
saura ni da fanka mai ciwon wuya
da janareto yana tari a bayan situdiyo.
Gobe wa'adin rahoto ke cika.
Masu ba mu tallafi suna can ƙetaren teku,
ba su taɓa tsallaka gadar Kaduna ba,
amma sun san kuɗin litar dizal a Kakuri
har kwabon ƙarshe.
Ban ga laifinsu ba. Amana ce,
kuma an sha cin ta kafin in hau kujerar nan.

Na baza rasit kamar mai shanyar kuɓewa:
na mai, na tayar da ta fashe bayan Kujama,
na masauki a Kachia, ɗaki biyu, ruwa a bokiti.
Ga kuma guntun kwalin sukari.
Ɗan acaɓan da ya haura da mu rafi
bai iya rubutu ba,
sai ya dangwala yatsa da baƙin mai.
Akanta Bobai ya ɗaga shi ga fitila,
ya ce, Lantana, wannan ba zai wuce ba.
Na ce, ai shi ya wuce da mu,
ruwa har gwiwa.

Gurbi na sha bakwai ne ya tsayar da ni:
mutum nawa shirin ya kai gare su?
Ɗan akwati, faɗinsa bai kai farce biyu ba.

Sai Iya Zugwai ta faɗo mini a rai.
Cittarta ta ruɓe a ƙasa tun kafin tono,
kunya bayan kunya, sai wari.
Ta riƙe makirfo kamar muciya,
ta yi ta tuƙa magana da Hausar kasuwa,
in ta ƙare mata ta koma yarensu,
jikanta Didam yana tsinto mana abin da ya zube.
Da ta gama ta ce, 'yata,
muryar da kuka ɗura a akwatin nan,
za ku dawo mini da ita?

Na ce, Laraba, bakwai da rabi.
Ta yi dariya, ta nuna rediyo a gindin rumbu,
zanzaro ya yi ɗaki a bakinsa.
Kuɗin batir, in ji ta, ya bi citta.

Kasafinmu ya san takarda, ya san tawada,
ya san taron bita da shayin ƙarfe goma.
Bai san batir ba.
Na sayi huɗu wurin mai tireda da kuɗin cefanena,
ban nemi rasit ba.

Ranar Laraba waya ba ta huta ba.
Dillalin citta daga Rigasa,
malamin gona mai ritaya daga Zonkwa
yana cewa a sauya fili, a daina maimaita iri,
wata mata ta kira ta yi shiru kawai, ta kashe.
Can Didam ya samu layi.
Ban ji abin da ya ce ba,
bayansa guɗa ce da kukan awaki
da muryar tsohuwa tana gyara wa kanta zance a rediyo:
ba haka na so in faɗa ba!

To, nawa ke nan?
Rediyo ɗaya zan rubuta,
ko duk wanda inuwar mangwaron ta ɗauka?

Na sa adadin da injiniya ya ba ni,
wanda ya auna da tsawon eriya.
Na ɗauki kwalin sukarin nan
na maƙala shi a shafin farko.
In sun tambaya, zan amsa.

Saura minti goma a kashe janareto,
kuma keken Barnawa ba ya jiran kowa.